Zazzaɓin Denge a Jikin Yara: In Zafi Ya Sauka, Kada Ki Saki Jiki

Yau hirar tamu a kan yara za ta tsaya, wato ƙannenmu da 'ya'yanmu da 'ya'yan yayyenmu waɗanda kullum suke maƙale da mu. Kowacce a cikinmu ta san yadda ake yi a gidajenmu. Da zarar an taɓa goshin yaro an ji shi zau, kafin a ce me wata ta yanke hukunci, "Ai maleriya ce, damina ce ta kama." Sai a ba wani kuɗi ya ruga kemis. In aka kwana uku jiki bai yi daɗi ba sai a sauya magana, "To lallai taifot ce." Haka za a yi ta juya yaro tsakanin sunayen nan biyu, kamar babu wani zazzaɓi a duniya sai su.

To akwai wani da ya kamata ki san da zamansa, sunansa denge. Shi ma sauro ne ke kawo shi, shi ma da zafin jiki yake farawa, amma maganin maleriya ba ya yi masa komai. Abin da ya fi ba da tsoro game da shi kuwa shi ne yaudararsa. Sauran zazzaɓi in zafi ya sauka sai a ce an samu sauƙi. Shi denge, a daidai lokacin da zafin ya sauka ne wasu yaran suke shiga haɗari mafi girma. Uwa ta yi ajiyar zuciya ta koma kan girkinta, ashe a lokacin ne ya kamata ta ƙara sa ido.

Da ke nake, ke 'yar makaranta, ke budurwa, ke amarya mai goyon fari. A yawancin gidaje ke ce mai yi wa yaro wanka, ke ce mai goya shi, da ke yake kwana ɗaki ɗaya. Kuma sau da yawa ke ce mai karatun da za a miƙo wa takardar asibiti a ce, "Duba mana, me suka rubuta?" Saboda haka ki gyara zama.

MENE NE DENGE?

Ƙwayar cuta ce 'yar mitsitsiya irin wadda likitoci ke kira bairos, danginsu ɗaya da ƙwayar cutar shawara. Iri huɗu ce, an sa musu lamba 1, 2, 3 da 4. Wanda iri ɗaya ya kama ya warke, to ya yi sallama da wannan irin, amma sauran ukun suna iya kama shi daga baya. Kuma kamu na biyu da wani iri daban shi ne ya fi yawan zuwa da tsanani.

Sauron da ke ɗauke da ita daban yake da na maleriya. Ana kiransa Edis. Baƙi ne, mai ratsin fari a ƙafafu da jiki kamar an yi masa kwalliya, kuma da rana yake cizo, musamman da sanyin safiya da kuma yamma kafin faɗuwar rana. Macen ce ke cizo. In ta ciji mai ciwon, bayan kwana 8 zuwa 12 sai ta zama mai rabawa, kuma haka za ta yi ta rabawa har ta mutu. Wanda aka ciza kuwa, yakan ɗauki kwana 4 zuwa 10 kafin jikinsa ya nuna.

Ciwon ya daɗe a duniya. A shekarar 1780 ya ɓarke a birnin Filadelfiya na Amurka, inda wani likita mai suna Benjamin Rush ya rubuta bayaninsa, kuma saboda azabar ciwon gaɓoɓi mutane suka yi masa laƙabi da zazzaɓi mai karya ƙashi. Nau'insa mai tsanani, mai sa zubar jini da kashe yara, an fara gane shi ne a Manila ta ƙasar Filifin wajen 1953 zuwa 1954, sannan a Bankok ta Tailan a 1958. A 1981 ya faɗa wa ƙasar Kuba, ya kama mutum sama da 340,000, ya kashe 158, kuma 101 daga cikinsu yara ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya suna zaune ne a inda za su iya kamuwa, kuma a 2024 an ba da rahoton kamuwar mutum sama da miliyan 14, adadin da ba a taɓa gani ba kafin wannan shekara.

Kada ki ce ai wannan ciwon mutanen nesa ne. Tun tsakanin 1964 da 1968 masu bincike a Ibadan suka samu ƙwayar denge a jinin masu zazzaɓi. A 2023 ya yi mummunar ɓarna a Burkina Faso, musamman Wagadugu da Bobo Julaso, inda mutum fiye da 600 suka rasa rayukansu. A watan Agustan shekarar ƙasar Chadi ta ba da sanarwar ɓullarsa a Abeshe, sannan kafin shekarar ta ƙare hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya, NCDC, ta tabbatar da shi a jihar Sakkwato. Kin ga kuwa abin da ya shigo Sakkwato ai ya shigo gida.

ZANGO NA FARKO: KWANAKIN ZAFI

Likitoci sun raba ciwon zango uku, kuma duk wadda ta riƙe zangon nan uku ta riƙe rabin maganar.

Zango na farko shi ne na zafi, yana ɗaukar kwana 2 zuwa 7. Zazzaɓin yakan zo ne farat ɗaya. Yaro ya tafi makaranta garau, ya dawo jiki kamar garwashi, in aka sa ma'aunin zafi a ga 39 ko 40. Fuskarsa ta yi jajir ko ta yi haske kamar wanda ya sha rana, idanu su kaɗa. Yaron da ya yi wayo zai ce miki kansa na sarawa, kuma in kika tambaye shi ina, sai ya nuna bayan idanunsa, ya ce in ya juya ido sai ya ji zafi. Wannan ciwon bayan ido alama ce da likitoci ke kula da ita ƙwarai. Ga ciwon tsoka, ga ciwon gaɓoɓi da baya, ga tashin zuciya da amai, abinci kuwa ko kallonsa ba ya son yi. Wani kaluluwa ta fito masa a wuya.

Amma fa jariri da ɗan yaye ba za su faɗa miki komai ba. Su nasu yakan zo ne a ɓoye, kamar kowane zazzaɓi: zafin jiki, rigima, ƙin nono, wani da majina da ɗan tari, wani da gudawa, wani kuma zafin ya sa shi jijjiga. Shi ya sa ake yawan ɗaukarsa mura ce ko haƙori.

Sai ƙuraje. Wasu yaran sukan feso da ƙananan ƙuraje jajaye a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, har a zaci ƙyanda ce. Akwai kuma wasu ɗigo-ɗigo 'yan ƙanana kamar an soka tsinin allura, waɗanda jini ne ya ɗan tsattsafo a ƙarƙashin fata. Yadda za ki bambanta su da cizon sauro ko ƙurajen zafi shi ne ki danna wurin da yatsa ki ja fatar. Ƙurjin zafi yakan dushe in an danna, su kuwa suna nan daram. A fatarmu mai duhu ba su cika fitowa sarai ba, don haka ki duba a cikin haske, a cikin hannu wajen gwiwa, da ƙafafu, da hammata, da cikin baki.

A asibiti akwai wani gwaji mai sauƙi da ake yi tun kafin a ɗebi jini. Za a ɗaura wa yaro abin awon hawan jini a damtse, a hura shi daidai gwargwado, a bar shi minti 5, sannan a kwance a duba fata. In aka ƙirga ɗigon jini 10 ko fiye a wuri mai faɗin inci ɗaya, to zargin denge ya ƙaru. Rashin ganinsu kuma ba ya wanke yaro, musamman mai duhun fata.

Yawancin yara a wannan zango suke tsayawa. Zafin ya sauka, su nemi abinci, su koma wasa, shi ke nan. Wasu ma ƙwayar za ta shiga ta fita ba tare da sun kwanta ba. Amma akwai kaɗan da za su zarce zango na biyu, kuma babu mai iya nuna miki su tun ranar farko. Saboda waɗannan kaɗan ɗin ne muke wannan hira.

ZANGO NA BIYU: AWA 48 NA HAƊARI

Tsakanin kwana na 3 da na 7, galibi na 4 ko na 5, zafin jiki yakan sauko zuwa 38 ko ƙasa da haka. Daga nan ne ake ƙirga awa 24 zuwa 48 na haɗari.

Me ke faruwa a cikin jikin? Ki ɗauki hanyoyin jini kamar tiyon ruwa. Jinin da ke gudu a ciki kashi biyu ne, akwai ƙwayoyi, akwai ruwan da ke ɗauke da su. A yaron da ciwon ya tsananta, jikin ƙananan hanyoyin yakan saki, sai ruwan ya riƙa tsiyaya waje yana taruwa a ciki da kuma kewayen huhu, ya bar ƙwayoyin a baya. Jini ya yi kauri, ya ragu, zuciya ta rasa isasshen abin da za ta tura wa ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa. In ba a tare shi ba yaro sai ya some, daga nan kuma zubar jini mai yawa ta biyo baya. Wannan tsiyayar ruwa ita ce babbar mai kashe yara a denge, kuma ba a ganinta da ido. Sai dai jiki yana ba da sanarwa kafin abin ya kai can.

A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin alamomin gargaɗi. Ga waɗanda ke da kanki za ki iya ganewa a gida. Ki rubuta su a bangon littafinki:

Ciwon ciki mai tsanani, wanda yaro ke murƙususu ko ya ƙi yarda a taɓa cikin.

Amai ba ƙaƙƙautawa, ko ruwa ya sha sai ya dawo.

Jini daga hanci ko dasashi, ko amai mai jini, ko mai launin ƙasa-ƙasa kamar dusar kofi, ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta.

Kasala fiye da kima, yaro ya yi laƙwas, ana tashinsa yana komawa barci. Ko kuma akasin haka, ya kasa zama ya kasa kwanciya, sai juye-juye da kuka marar dalili.

Kumburin ciki ko na fuska, ko numfashi sama-sama da sauri.

Bayan waɗannan akwai alamun da ke nuna jini ya riga ya fara gazawa: hannuwa da ƙafafu su yi sanyi ƙalau da danshi alhali ana zafi, leɓe ya dushe, fitsari ya ɗauke fiye da awa 6. Ki danna farcensa har ya yi fari ki saki. In jan ya ɗauki fiye da daƙiƙa 2 kafin ya dawo, to babu sauran jira.

Ga abin da ke ruɗar iyaye. Yaron da ya fara shiga wannan hali yana iya kasancewa idonsa biyu, yana gane mutane, yana amsa magana. Sai a ce ai ga shi nan yana magana, a bari gari ya waye. 'Yar uwa, dare ɗaya ya isa komai ya lalace. Ko ɗaya daga cikin alamun nan kika gani, ko ƙarfe biyu na dare ne, ki tashi Mama, ki tashi Baba, a nemi abin hawa.

Ke ma da kika fara al'ada, wannan ta shafe ki. In kina zazzaɓi sai jinin wata ya zo kafin lokacinsa, ko ya zo da yawa fiye da yadda kika saba, kada kunya ta sa ki yi shiru. Yana cikin zubar jinin da denge ke kawowa, kuma likita yana bukatar ya sani.

Akwai yaran da ake ƙara tsoro a kansu: jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya, yara masu ƙiba sosai, masu ciwon sikila, da waɗanda suka taɓa yin denge a baya. Su ba a jiran alamar gargaɗi, tun farkon zazzaɓi ake kai su.

ME TAKARDAR GWAJI KE CEWA?

Yanzu a ce an je asibiti, an ɗebi jini, an dawo da takarda cike da lambobi. Fassara ta ƙarshe aikin likita ce, amma babu laifi ki san abin da yake dubawa, domin ki gane dalilin da ya sa yake cewa a dawo gobe.

Na farko gwajin maleriya ne, kuma daidai ne a fara da shi tunda ita ta fi yawa a wajenmu. Sai dai ki lura da abu biyu. In gwaji ya nuna babu maleriya, zazzaɓi kuma yana nan, to a nemi dalili, kada a dage da maganin maleriya. In kuma ya nuna akwai, an sha magani daidai kwana biyu zuwa uku babu sauƙi, a koma asibiti, domin yaro yana iya ɗaukar maleriya da denge a lokaci guda.

Na biyu shi ne ƙirgen ƙwayoyin jini, wanda za ki ga an rubuta FBC. Abu uku likita zai kalla a ciki.

Fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, an rubuta su WBC. A yawancin cututtuka masu kawo ruɓa sukan ƙaru. A denge raguwa suke yi, sau da yawa su sauko 5,000 ko ƙasa da haka. Su ne suke fara sauka, kuma saukarsu takan zama sanarwa cewa zazzaɓin ya kusa sauka, zangon haɗari ya matso.

Sai ƙwayoyin tsayar da jini, waɗanda in kika yanke da wuƙa su ne ke taruwa su toshe wurin. A takarda PLT ake rubutawa. Mai lafiya yana da 150,000 zuwa 450,000. A denge suna sauka, kuma in suka kai 100,000 ko ƙasa, musamman in saukar da sauri take, likita zai ƙara sa ido. Amma kada lambar nan ita kaɗai ta tayar miki da hankali. Yara da yawa nasu yakan sauka sosai ba tare da sun zubar da jini ba, kuma yakan hau da kansa in an warke. Likitoci ba sa yin ƙarin waɗannan ƙwayoyi don lamba ta sauka kawai.

Na uku, wanda ya fi su duka muhimmanci, shi ne PCV, awon kaurin jini. Nan ne ya kamata ki buɗe kunne. Mu mun saba da maleriya, inda tsoronmu shi ne a ce jinin yaro ya yi ƙasa. Don haka in aka ce PCV ya hau sai mu yi murna. A denge hawansa labari ne marar daɗi, domin yana nufin ruwa ya tsiyaye, jini ya yi kauri. Ƙa'idar likitoci ita ce, in ya hau da kashi 20 cikin 100 a kan yadda yake tun farko, to tsiyaya ta tabbata. Misali yaron da PCV ɗinsa yake 35 ranar Litinin, ranar Laraba aka ga 42. Ga kuma wani tarko: yaro mai ƙarancin jini wanda nasa yake 30, in ya hau 36 sai a ga kamar lafiyayyen awo ne, alhali shi ma ya hau da kashi 20. Wannan ne ya sa awo ɗaya ba ya isa. Dole a samu na farko da za a gwada na baya da shi, kuma dole ki adana kowace takarda, ki jera su bisa kwanan wata. PCV na hawa, PLT na sauka da sauri a lokaci guda, wannan ita kanta alamar gargaɗi ce ko da yaro yana zaune yana kallonki. In kuma PCV ya faɗi kwatsam alhali jikin yaro ƙara lalacewa yake, likita zai yi zargin jini na zuba a ciki.

Za ki ga malamar jinya tana yawan auna hawan jini da bugun zuciya. Abin da take nema shi ne tazarar da ke tsakanin lambar sama da ta ƙasa. In yaro yana 100 bisa 60, tazara 40 ke nan. In ya koma 100 bisa 85, lambar sama ba ta motsa ba, amma tazara ta zama 15. A yara, tazarar 20 ko ƙasa da haka alama ce ta cewa jini ya fara gazawa.

Akwai gwajin hanta, AST da ALT, waɗanda sukan hau a denge, kuma AST ya fi yawan hawa. In suka kai 1,000 an shiga sahun mai tsanani. Likita kuma zai lalubi ƙasan haƙarƙarin dama ya ji ko hanta ta kumbura, domin in ta leƙo fiye da santimita 2 ita ma alamar gargaɗi ce. Hoton ƙirji ko sikanin na ciki yana iya nuna ruwan da ya taru.

Sai gwajin da ke kama denge ɗin kansa. A kwanaki 5 na farko ana neman wani sinadarin ƙwayar da ake kira NS1, ko a yi gwajin PCR a manyan ɗakunan gwaji. Daga kwana na 5 zuwa sama kuma ana neman IgM, wato makamin da jiki ya ƙera don yaƙar ta. Shi IgG yakan nuna cewa an taɓa yin ciwon a baya. Kin ga ke nan gwajin da za a zaɓa ya dogara ne da kwana nawa zazzaɓin ya yi. Saboda haka babbar gudummawar da za ki ba likita ita ce ki faɗa masa daidai ranar da zafin ya fara. "Ya ɗan kwana biyu" ba amsa ba ce. Ki ce, "Ranar Asabar da yamma ya fara, yau kwana huɗu." Kuma ko asibitinku ba shi da kayan gwajin denge, FBC da ake maimaitawa kullum tare da idon likita sun isa a ceci yaro.

ZANGO NA UKU: DAWOWAR LAFIYA

In yaro ya tsallake awa 48 ɗin nan, hanyoyin jini sukan ɗinke da kansu, ruwan da ya fita ya koma cikin kwana 2 zuwa 3. Alamar farko mai daɗi ita ce ya ce yunwa yake ji. Fitsari ya yawaita, ciwon ciki ya lafa, fararen ƙwayoyi su fara hawa, daga baya masu tsayar da jini su biyo su. Wasu sukan fito da wani jan ƙurji a ƙafafu da hannuwa, mai ɗigon fari a tsakiya, ga ƙaiƙayi a tafin hannu da tafin ƙafa. Wannan kada ya tsorata ki, alamar warkewa ce. Kasala dai tana iya jan mako ɗaya ko biyu, don haka a bar shi ya huta kafin ya koma makaranta.

ABIN YI DA ABIN BARI

Har yanzu babu wani magani da ke kashe ƙwayar denge. Abin da ke ceton rai shi ne ruwa, a ba da shi daidai, a lokacin da ya dace. Inda ake gane ciwon da wuri a kula da shi yadda ya kamata, waɗanda ke mutuwa ba su kai 1 cikin 100 ba. Mai tsananin da aka bari ba kulawa kuwa yana iya kashe 1 cikin 5.

In likita ya ce a koma gida a riƙa dawowa kullum, to ki dage da ba shi abin sha kaɗan-kaɗan a kai a kai: ruwan gishiri da sukari na ORS, kunu, koko, romo, ruwan lemo, ruwan kwakwa, jariri kuma nono. Ki kula yana fitsari aƙalla sau ɗaya cikin awa 6. A ɗan dakata da zoɓo da baƙin lemon kwalba, domin in ya yi amai ba za a gane jini ne ko zoɓo ba.

Maganin zafi farasitamol kaɗai, gwargwadon nauyin yaro kamar yadda ma'aikacin lafiya ya faɗa, awa 6 tsakani, kada ya wuce sau 4 a yini da kwana, domin yawansa yana taɓa hanta. Ki riƙa goga masa tsumma da ruwa mai ɗan ɗumi. Asfirin da ibufurofen da dikulofenak kuwa a yi nesa da su, suna ƙara zubar jini. Haɗe-haɗen nan da ake ƙullowa a leda daga kemis, ba ki san me ke ciki ba, kada ki ba shi. Allurar ɗuwawu ma a guje ta, wurin yana iya tara jini. Haka nan kada a kira wani gida ya ɗaura masa ƙarin ruwa. Ledar ruwa a denge da lissafi ake sa ta, ana awo ana ragewa, kuma in ta yi yawa ruwan huhu yake tafiya.

Ki sa shi cikin gidan sauro har da rana muddin yana zazzaɓi, don kada sauro ya cije shi ya kai wa sauran yaran gida.

KI LEƘA RANDARKU

Akwai allurar rigakafi mai suna Qdenga, wadda a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa yara 'yan shekara 6 zuwa 16 a wuraren da ciwon ya yi katutu. Amma rigakafin da ke hannunki yau yana tsakar gidanku. Sauron Edis ɗan gida ne, ba ya nisa da inda aka ƙyanƙyashe shi, kuma ruwa mai kyau da ke zaune a mazubi yake so: randa, tulu, duro, jarka marar murfi, kaskon ruwan kaji, tsohuwar taya, gwangwani, fasasshen bokiti a bayan ɗaki. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kacal. Ƙwan kuma a jikin mazubin yake mannewa, yana iya yin watanni a bushe, ruwa na taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Don haka zubar da ruwa kawai bai wadatar ba. Sau ɗaya a mako a juye randa a goge cikinta da soso, a rufe ta ruf, a kife duk abin da ba a amfani da shi. In kika leƙa kika ga 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil, to kin ga sauron mako mai zuwa. Yara kuma a sa musu riga mai dogon hannu da safe da yamma.

'Yan uwa, Hausawa suka ce in kunne ya ji jiki ya tsira. Ki riƙe ranar da zazzaɓi ya fara, ki ƙirga kwanaki, ki adana takardun gwaji. Ranar da zafi ya sauka ki dubi yaron da kyau: in ya nemi abinci ya nemi wasa, to sauƙi ya samu. In kuwa jiki ya yi sanyi amma yaro ya ƙara yin laushi, yana riƙe ciki, yana amai, to a kama hanyar asibiti a lokacin. Ki karanta wa Mama wannan shafi, ki ba ƙawarki aro.